Ƙarfen Cinyar Yayana

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗauko shanu daga kasuwar Shinkafi zuwa Ƙaura Namoda. Wata damina, tun muna cikin Jihar Sakkwato, motar ta kife da shi kusa da Moriki, ƙashin cinyarsa ya karye. Likitoci suka yi masa aiki, suka ɗaure ƙashin da ƙarfe. Ya warke, ya koma tuƙi, har mun manta da maganar.

Bayan wasu shekaru gwiwar ƙafar ta fara damunsa. Likita a Gusau ya ce sai an ɗauki hoton ƙafar, ya sa mana rana. Da nan take aka yi hoton, da na huta.

Kafin ranar ta zo, wani abokinsa a tashar mota ya ce ya ji a rediyo Turawa sun ƙera injin hoto mai ƙaton maganaɗisu, wanda ke fizge makulli daga aljihun mutum. Shi ke nan. Labari ya zaga tasha, kowa ya ƙara masa gishiri. Kafin ya iso gidanmu, injin ya riga ya zare ƙarfe daga ƙafar wani mutumin Zurmi da ba wanda ya san sunansa.

"Ba ni zuwa," in ji Yaya. "Wanga ƙarhe da wahala ya shiga, ba a hidda mini shi da ƙarhi."

Na ce, "Haba Yaya, hoton nan irin wanda aka yi maka ne lokacin haɗari."

"Lokacin akwai ƙarhe a jikina?"

Gaskiyarsa ce, don kafin aikin aka yi wancan.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarmu. Ita kuma ta ce a bar mata ɗa, ta aiko masa da man shafawa. Ga shi kullum yana ɗingishi, in ya taka kuloci sai ya ciji leɓe. Da abin ya ishe ni, na aro maganaɗisun tsohuwar lasifika wurin mai gyaran rediyo, na ɗora masa a cinya a gaban matarsa. Maganaɗisun ya zame ya faɗi ƙasa.

Na ce, "To, ka gani?"

Ya dube ni kamar ni ne marar hankali. "Wanga ɗan ƙarami? Uwarsa nika tsoro."

Daga ƙarshe dai ciwon ne ya kai shi, ba ni ba. Wata safiya ya kasa hawa motarsa, ya ce mu tafi. A Gusau ya zayyana wa likita komai, har da mutumin Zurmi. Likitan bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, injin da ka ji gaskiya ne akwai shi, amma ba mu da shi a nan. Ko a can, sai sun tambayi irin ƙarfen da ke jikin mutum kafin su sa shi ciki, kuma yawancin wanda ake ɗaure ƙashi da shi maganaɗisu ba ya jan sa. In wata rana aka ce za a sa ka, ka fara faɗa musu. Namu ba ruwansa da maganaɗisu."

Duk da haka sai da ya bar mini wasiyya a bakin ƙofar ɗakin hoto, ya shiga yana salati. Kafin in gyara zama ya fito.

Ƙarfe na nan daram. Gwiwar ce ta gaji da tuƙi, aka ba shi magani, aka ce ya huta. Bai huta ba. Washegari na biya ta tasha na iske shi an kewaye shi, ya ɗaga hoton sama yana nuna kusoshin, yana ba da labarin yadda ƙanensa ya tsorata ya ƙi shiga ɗakin, shi kuwa ko gezau. Na juya na kama hanyar gida.