Mai Kaset da Matar da Ke Gefen Hoto

Kafin maƙwabta su gama kokawa da kwaɗon shagunansu, Mai Kaset ya riga ya share gaban nasa, ya yayyafa ruwa, ya zauna a kan kujerar nan tasa mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ya tokare da guntun katako. Kaset ya daɗe da barin duniya, faifai ya gaje shi, shi ma yanzu waya tana tura shi waje, amma sunan ya manne wa mutumin, har jikokinsa da shi suke kiran sa. Aikinsa na farko kullum shi ne goge faifan da aka dawo da su. Tsummansa daga tsohuwar singileti ya yanko shi, kuma daga tsakiyar faifai yake gogewa zuwa baki, ba ya zagayawa. In ya ga shatar yatsa mai maiƙo sai ya girgiza kai, ya ce gidan nan da hannu ɗaya suka ci abinci suka ci fim.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zama. Ƙarshen watan nan zai rufe, gwiwa ta ƙi, kasuwa ma ta bi bayan gwiwa. Shi ya sa ya dace a faɗi abin da aka gani a wurinsa tun yana da kunnen ji, ba sai an taru ana cewa Allah ya jiƙan sa ba.

Kanta biyu ce a shagon. Ta dama ita ce ta faifan da yake kira mai faɗi, wanda hotonsa ke zuwa da baƙin layi sama da ƙasa. Ta hagu ta mai cika gilashi ce, wanda ke cike fuskar talabijin taf. Kowane mai faɗi akwai ɗigon jan farce a kwalinsa, daga kwalbar matarsa, wadda ta gaji da cigiya ta bar masa ita. Fim ɗaya ne, amma ba ya miƙa maka sai ya yi maka tambaya uku: talabijin ɗinku doguwa ce ko mai kusurwa huɗu irin ta da, mutum nawa ke zama gabanta, kuma wa ya fi kowa tsufan ido a ɗakin.

Masu gaggawa kan ce, baba, fim muka zo karɓa ba asibiti muka zo ba. Sai ya yi dariya, ya jawo wata tsohuwar kalanda mai hoton 'yan ƙwallo goma sha ɗaya, ya ɗora mata kwalin da ya huda wa taga. Nan take huɗu su ɓace, biyu ta nan, biyu ta can. Ya ce to ka gani, mai cika gilashi ba ƙari ya yi maka ba, yanke gefe ya yi ya kumbura tsakiya. Baƙin layin nan da kuke tsana ba abin da ya rufe, shi ne shaidar ba a taɓa hotonku ba.

Amma ba mai taurin kai ba ne. In tsohuwa ta zo, talabijin ɗinta kamar akwatin takalmi, mai cika gilashi yake ba ta ba gardama. Ya ce me za ta yi da faɗin jeji in fuskar mai magana ta koma kamar ƙwayar wake. Mai Gyara, wanda shagonsa ke jikin nasa, ya sha yi masa tsiya a kan yana kashe masa kasuwa. Mutum zai ɗauko talabijin a ka, gumi sharkaf, wai ta lalace, baƙi ya cinye sama da ƙasa. Kafin Mai Gyara ya ɗauki sukundireba, Mai Kaset ya leƙo ya ce a sa wani faifan a gani. A sa, hoto ya cika, mai kaya ya koma gida yana jin kunya yana godiya.

Duk wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya san tushensa ba shi ne maganar Tela.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, wasu masu shirya fim suka zo kasuwa da manyan kyamarori. Tela na bakin layin da za su ɗauka, kan kekensa, suka ce kada ya tashi, ya ci gaba da ɗinkinsa kamar ba sa nan. Ya dawo gida ya cika unguwa da labari. Bayan wata takwas kaset ya fito, kuma daga hannun Mai Kaset ya karɓe shi, lokacin shagon bai wuce shekara biyar ba. Aka cika ɗaki har taga. Wurin kasuwa ya zo, jarumin fim ya sheƙo a guje ana bin sa, ya wuce. A can ƙarshen dama aka ga gwiwar hannun wani mutum tana motsi, da rabin tayar keken ɗinki. Shi ke nan.

Daga ranar ya zama Jarumi. Yara su bi shi da sunan, manya su ce ranka ya daɗe, yaushe gwiwar hannu za ta sake fitowa. Har a gidansa, in wani ya zuƙa ƙarya sai a ce wannan fim ɗin Baba ne. Ya bi su da dariya, don mutum ne mai haƙuri, ya daina ɗaga maganar. Shekarar ba ta ƙare ba matarsa ta rasu, ta bar masa 'ya'ya biyar, Auta ba ta cika shekara uku ba.

Mai Kaset ma ya yi dariyar tare da kowa a lokacin, don bai san ana yanke hoto ba. Sai daga baya, da faifai ya zo da iri biyu, ya gane. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan, amma tun ranar da ya gane, duk sa'ad da ya ji an ce Jarumi sai ya ji kamar shi ya riƙe almakashin. Tambayoyin nan uku da kwalin kalanda, daga nan suka samo asali.

Shekara huɗu da suka wuce, da hantsi, Tela ya shigo shagon yana laluben bakin ƙofa da sanda. Likita ya gaya masa ciwon ya ci jijiyar ido, abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage ma tafiya yake yi. Ya zauna, aka gaisa, aka yi maganar zafi da tsadar zare, har Mai Kaset ya ɗauka hira kawai ta kawo shi. Sai da zai tashi ya ce ya ji ana cewa akwai fim mai faɗi, ko nasu ma yana da shi. Mai Kaset ya ce zai duba, ya ƙara da cewa lokaci ya yi da za a wanke shi daga bakin mutane.

Tela ya ce, "Bar mutane, ɗan'uwa, na saba da su. Ranar nan uwar yaran ta kawo mini abinci, aka ce ta tsaya inda take kada ta motsa. Tana gefena. Ka san ta da gudun kyamara, ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Auta ba ta san fuskarta ba, ni kuma tawa fitilar ta kusa mutuwa."

Mai Kaset ya ɗauko nasa kwafin ya zauna ya yi masa kallon ma'aikaci. Ya ga rubutun farko an guntule masa haruffa ta gefe biyu. Ya ga wani wuri da jarumin ke faɗa da mutumin da hancinsa kawai ke leƙowa. Ya tabbata an ɗauki fim ɗin da faɗi, wani ne ya datse shi don ya shiga talabijin irin ta da. Sai dai kamfanin da ya shirya fim ɗin ya daɗe da watsewa, kuma duk faifan da ke yawo daga wancan kaset ɗin aka kwafe su.

Ya shiga nema. Duk zuwansa sari sai ya tambaya, har dillalai suka riƙa cewa ga mai tsohon fim ya iso, a ɓoye. Kwafi shida ya kawo, kowanne gwiwar hannun nan ce. Na bakwai ya zo da baƙin layi sama da ƙasa, ya yi maza ya sa a na'ura. Ashe wani mai wayon banza ne ya ɗauki yankakken ya manna masa baƙin layi don a ce mai faɗi ne. Gefen bai dawo ba, kawunan mutane ma sun tafi. Ya jefa shi kwandon shara, ya sake ciro shi ya karya biyu, kada wani ya tsinta ya sayar.

A tsakanin nan Tela kan biyo ta gaban shagon, ya yi sallama, ba ya tambaya. A shekarar farko shi kaɗai yake zuwa da sanda. A ta uku sai da Auta ta riƙo hannunsa. Mai Kaset na lura, kuma ya san sauran kwanakin idon ake ƙirgawa.

Wani direban babbar mota ne ya kawo labarin wani tsoho da ya yi aikin haska fim a gidan silima har aka rushe shi, ya kwashe gwangwanayen fim ya adana, ɗansa na mayar da su faifai. Mai Kaset ya rufe shago kwana uku, abin da ko ranar da aka haifi ɗansa na fari bai yi ba. Ya dawo da ƙura har gira da faifai ɗaya a aljihun gaba, ba kwali, ba rubutu. Ya tura ƙofa ya kalla shi kaɗai. Mai Gyara ya ce da ya fito sai share ido yake yana cewa ƙurar hanya ce.

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce tambayarsa ta uku. Talabijin ɗin gidan Tela ƙarama ce irin ta da. In aka sa mata mai faɗi, mutanen tsakiya ma za su ƙanƙance, balle na gefe, ga idon da ya rage saura kaɗan. Sai ya kwance babbar talabijin ɗin shagonsa daga bango, ya naɗe ta da bargo, shi da Mai Gyara suka ɗora a baro. Tsofaffi biyu suna turawa suna faɗa a kan wa ke karkatar da ita, har ƙofar gidan.

Da la'asar ne. 'Ya'ya da jikoki sun taru, an saki labule. Babban ɗan Tela ya ja Mai Kaset gefe, ya ce in dai gwiwar hannun nan ce kuma, don Allah kada a sa, tsohon nan ya sha dariya ta ishe shi. Mai Kaset ya ce masa ya shiga ya zauna kusa da ƙanwarsa.

Ya wuce da fim ɗin har wurin kasuwa. Jarumi ya sheƙo a guje. Mai Kaset ya danna rimot, hoto ya tsaya cak.

A ƙarshen dama ga Tela, baƙin gashi, tef ɗin awo a wuya, ƙafa kan keke. Kusa da shi ga wata mata tsaye da kwanon abinci a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta kai bakinta tana ƙoƙarin danne dariya, ba ta samu dama ba.

Babban ɗan ya ce, "Baba, ga ka nan." Tela ya taso da rarrafe har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce shi ba kansa yake nema ba, a matsar da hotonsa a nuna masa ita. Mai Kaset ya danna maɓallin da ke kusanto da hoto, ya tura shi dama, ya ƙara, ya ƙara, har jarumin fim ya fice daga gilashin gaba ɗaya, kasuwar ma ta fice, fuskarta kaɗai ta cika wurin. Mai Gyara ya raɗa masa cewa yau ga ka kana yanke gefe da hannunka. Mai Kaset ya ce yau gefen ne tsakiya.

Tela ya daɗe yana bin fuskar da yatsa, daga goshi zuwa haɓa. Sannan ya miƙa hannu baya ba tare da ya juyo ba.

"Auta, matso ki gaida mahaifiyarki."

Auta ta matso da jaririyarta a kafaɗa, ta durƙusa. Ta kalli matar, ta kai hannu bakinta, daidai yadda na cikin gilashin ta yi. Yayarta ce ta fara lura, ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Talabijin ɗin tana gidan har yau. Ana tambayar Mai Kaset yaushe zai ɗauko kayansa, sai ya ce gwiwa ba za ta iya baro ba. Wata bakwai Tela ya samu yana zama gabanta kullum da safe kafin hasken ya ƙarasa tafiya. Yanzu ba ya gani, amma yakan sa a kunna, ya zauna, jikoki su riƙa ba shi labarin abin da ya riga ya haddace. Ana kiran sa Jarumi har gobe, sai dai muryar da ake faɗa da ita ta sauya.

Mai Kaset, dattijon kanta biyu, kai ne ka ɗauki sana'ar da ake wa kallon wasa ka riƙe ta kamar amana. Kai ne ba ka taɓa miƙa wa mutum abin da ke kusa da hannunka ba sai abin da ya dace da ɗakinsa da idonsa. Kuskuren da ba naka ba ne ka ɗauka a ka shekara ashirin da wani abu, har ka sauke shi a inda ya kamata. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya bar maka naka idon har ƙarshe.

Ku kuma masu riƙe da kanta, ko ta magani ce ko ta ƙusa, ku koyi tambaya kafin miƙawa. Shagon na nan buɗe har ƙarshen wata. Wanda ya taɓa karɓar faifai a hannunsa ya biya ya gaishe shi. Za ku same shi da tsummansa, talabijin ba ta bango, sai ƙusoshi huɗu da shatar inda take.