Bin Sawun Bunsuruna daga Bomo zuwa Sabon Gari

Bomo

Ina idar da sallar asuba na ɗauki mayafina na fita, ko koko ban tsaya sha ba. Dalilin tafiyar kuwa, awaki a unguwarmu sun yi ta ɓari, gida uku a jere. Masu binciken cututtukan dabbobi daga Samaru suka zo suka ɗebi jinin awakin kowa, har da bunsuruna da mata ke ara don barbara. Suka ce in je in ji sakamako. Mai babur ya sauke ni Samaru gari bai gama wayewa ba.

Samaru

Na zauna a benci har wajen takwas. Mai gadi ya sam mini ƙosai, ya ce, "Hajiya, kin riga likitocin ma, sai mu ba ki ofis."

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yata ta fari. Ta gaishe ni da kyau, sannan ta ce, "Mama, bunsurunki yana ɗauke da ciwon da ke sa awaki ɓari. Ba mu ce daga shi ya fara ba, abin da muke bi gida-gida ke nan. Amma kada ya ƙara shiga wani garke. Yana gida?"

Na ce, "'Yata, jiya da la'asar na ba da aronsa Sabon Gari."

Maman Emeka ce ta aiko aka tafi da shi, telar da ke mana ɗinki tun ina amarya. Awaki huɗu gare ta, su take lallaɓawa tun da idonta ya fara gajiya da allura. Na kira wayarta, a kashe. Likitar ta ce in yi gaba, za ta biyo ni da motar aikinsu.

Hanya

Na shiga bas a bakin kasuwar Samaru. Direba ya ƙi tashi sai ta cika. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, amma na matsa na ce, "Ɗana, don Allah, bunsuru nake bi."

Ya waigo. "Ya gudu ne, Mama?"

"A'a, aure za a yi masa, ni kuma zan je in hana."

Duk motar aka fashe da dariya, shi ma yana dariyar ya ja. A Kwangila muka tarar da cunkoso, wata tirela ta lalace, jami'ai na ta busa usur. Na sauka na taka da ƙafa zuwa gaba, na hau Keke Napep. Duk hanya ina ta salati a zuci.

Sabon Gari

Tun daga ƙofar gidan hayarsu na jiyo warinsa, ban taɓa murna da wannan wari ba sai ranar. Na zagaya baya, sai ga Maman Emeka a duƙe gindin mangwaro tana fama da ƙullin igiya.

Na ce, "Yaya, dakata! Ya shiga cikin awakin?"

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ke Hajara, ba sallama? Ina zai shiga! 'Yan haya sun ce da wannan warin, ko shi ko su. Nan ya kwana yana kuka, mai gidana ya ce in aka sake kawo shi zai koma coci da kwana. Yanzu da suka fita aiki zan kai shi wajen awakin."

Na zauna a kan turmi na gaya mata komai. Ta je ta leƙa awakinta ta dawo. Ta ce, "Tun daga Bomo kika taso saboda wannan? Tashi ki wanke hannu, akwai doya."

Muna cin doya da manja likitar ta iso. Ta ɗebi jinin awakin huɗu don a tabbatar, ta tambayi sunayen gidajen da bunsurun ya taɓa zuwa, na lissafa mata. Ta ce a riƙa tafasa nono, in akuya ta yi ɓari kada a taɓa da hannu tsirara, a binne da zurfi. Suka sa bunsurun a bayan mota suka tafi da shi Samaru.

Gida

Na iso Bomo bayan azahar, igiyarsa kaɗai a hannuna. Ban shiga ɗakina ba sai da na biya wajen Inna Lami, maƙwabciyata da akuyarta ta fara ɓari. Na faɗa mata sakamakon, kaina a ƙasa.

Ta ce, "To ke kika sa masa ciwon? Mu muka zo muka ara. Ɗago kanki. In an samo wani, a fara kai shi wa yarinyar nan ta duba, sannan ya zaga."

Na gode wa Allah da ya kai ni a kan lokaci, na gode wa likitar da direban nan mai dariya. 'Yan hayan Maman Emeka kuwa, ban san su ba, amma Allah ya saka wa hancinsu da alheri.