Anti Dije, wadda ta samo wa ciwon daji kalmomin da za mu gane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina kicin ina haɗa wa yara abin tafiya makaranta, wayata ta yi ƙara. Malam Lawal ne, ƙanenta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Sista Rabi, sai haƙuri. Anti Dije ta cika bayan sallar asuba."

Nan na zame na zauna a ƙasa. Har yanzu ban san wanda ya kashe gas ɗin ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, a ofis Dokta Hadiza ce, a bakinmu kuma Anti Dije. Haifaffiyar Ƙofar Marusa ce a Katsina. Ilimin magunguna ta karanta, kuma duk bincikenta a kan maganin ciwon daji ya ƙare.

Na san ta a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Aiki mai kyau ta baro a ƙasar waje ta dawo Katsina, wai tunda siyasa ta dawo asibitoci za su farfaɗo. Har zuciyarta ta yarda da haka. Mu ma a lokacin duk mun yarda.

Ina sabuwar nas aka kawo wata mata daga ruga da ƙullutu a nono. Likita ya duba ya ce sai an yi mata biopsy, ya juyo ya ce mani, "Yi masu bayani." Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. A makaranta an koya mana kalmar, ba a koya mana yadda ake faɗa wa mutum ita ba. Mijin matar kuwa har ya ɗauki sandarsa, yana cewa daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi yake haukacewa.

Anti Dije wucewa kawai take yi. Ta tsaya, ta jawo benci ta zauna. Ta gaishe su, ta tambayi gida, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwa. Sannan ta ce, "Baffa, in za ka sayi buhun gero ai kana zura hannu ka ɗebo kaɗan ka duba, ko? To 'yar tsoka za a ɗebo, ba ta kai ƙwayar wake ba, a duba a san ko da wa ake faɗa."

Mutumin ya jingine sandar ya zauna.

Da suka fita ta dafa kafaɗata ta ce, "Rabi, in kika faɗa wa mara lafiya kalmar da bai gane ba, ba ki faɗa mashi komai ba. Tsoro kawai kika ƙara mashi."

Tun daga ranar nake bin ta.

Mutane sun ɗauka aikinta a ɗakin gwaje-gwaje ya tsaya. Rabinsa a kan kalmomi ya tafi. Sai ta tara mu a ofishinta da shayi da soyayyar gyaɗa, a yi ta musu a kan kalma ɗaya har la'asar.

Na tuna ranar metastasis. Wani ya ce a ce ciwon ya yi ƙaura. Ta ce a'a, mai ƙaura ai barin tsohon gida yake, wannan kuwa bai bar ko'ina ba. Sai washegari ta shigo tana murmushi ta ce, "Yaɗo. Kamar kabewa. Uwar na nan inda aka shuka ta, 'ya'yan suna can bayan danga."

Remission kuwa ta hana mu ce mashi warkewa. Ta ce a ce ciwon ya lafa, kamar wutar murhu da toka ta rufe. Akwai likitan da ya ce mata kalmar tana rage wa mutane farin ciki. Ta ce gara ta rage masu farin ciki yau da su daina zuwa asibiti gobe.

Alherinta gare ni ba zai faɗu a nan ba. Lokacin jinyar mahaifina, in ta tashi aiki sai ta biyo ta gidanmu na Gobarau ta zauna kusa da shi suna hirar tsohon gari, don kawai in samu in runtsa. Ita ta matsa mani na koma karatu. Da maigidana ya nuna shakka, da ƙafarta ta je ta same shi. Ban san abin da ta ce mashi ba, ya dai dawo yana tambayata yaushe za a fara rijista.

Babban burinta shi ne a kawo gwajin sabon magani nan, matanmu su ma su shiga. Ta ce ana haɗa magunguna a gwada su a jikin mutanen wasu ƙasashe, sannan a kawo mana ba a san yadda namu jikin zai karɓa ba. Shekara da shekaru tana nema ana ce mata ba mu da kayan aiki. A gida kuma da ta ce gwaji sai a ce za a mai da mutane ɓeraye. Ba ta taɓa jin haushin masu faɗin haka ba. Ta ce tsoronsu na da dalili, maganinsa kuma a gaya masu komai, kada a ɓoye ko ɗaya.

Shi ya sa placebo ta ba ta wahala. Wannan ƙwaya ce da babu magani a cikinta, ana ba wa wasu daga cikin masu gwaji bayan maganinsu na kullum, don a gane ko sabon yana aiki. Wani ya fassara ta da maganin ƙarya. Ta ce ba ƙarya ba ce tunda an gaya wa mutum tun farko. Ta sa mata ƙwayar kwatance.

Ana cikin wannan fafutuka ta ji ƙullutu a nata jikin.

Aka yi mata aiki, aka yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, gashinta ya zube. Aka tura ta wani gari a gasa ciwon da inji, ta iske injin ya lalace. Ta je wani, layi ya yi tsawo. Matar da ta baro inda ake da komai, ita ce ke kwana a kan tabarma a barandar asibiti tana jiran a kira sunanta. Duk da haka ciwon ya lafa, ta dawo aiki da ɗankwali ɗaure har goshi.

Sai ga shi an amince za a yi gwajin a wurinmu. A daidai lokacin ciwonta ya dawo. Ita ta fara karanta hoton da aka ɗauki jikinta kafin likitanta. Ta miƙo mani ta ce, "Ya yi yaɗo, Rabi. Hanta da ƙashi."

Ta ajiye aikin gwajin gaba ɗaya don ta nemi shiga a matsayin mara lafiya, kamar kowa. Aka ɗebi jininta. Cikin sharuɗɗan akwai wanda ya ce wadda hantarta ta yi rauni ba za ta shiga ba. Da hannunta ta mai da sharaɗin nan Hausa. Sakamakonta ya fito ya wuce iyaka da kaɗan.

Wani daga cikin yaranta likitoci ya ce a yi ta maimaita gwajin jinin har a dace da ranar da zai sauko. Ni ma da kuka na roƙe ta. Ta ce, "In kuka cusa ni, sakamakon ya gurɓace. Matan da za su sha maganin nan bayana, su aka cuta." Ta ɗan yi dariya ta ƙara da cewa, "Kuma wa ya sani, ƙila bayan duk wannan ƙwayar kwatance zan samu."

Ban iya taya ta dariyar ba.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne, bayan la'asar, a ɗakin mahaifiyarta Hajiya Babba. Ta rame, idonta ya yi rawaya. Ta ce in matso. A hankali ta ce, "Likita ya faɗi palliative a gaban Hajiya, ba ta gane ba. Na faɗa wa iyayen mutane da yawa, amma na kasa faɗa wa tawa. Ke za ki faɗa mata."

Hajiya tana bakin gado da carbi. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wannan abu da likita ya hwaɗi, ba shi ne tallafin da gwamnati ke rabawa ba? Na ce ma Lawal ya tahi ya amso mata."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Hajiya, ba shi ba ne. Ana nufin an daina neman kashe ciwon. Abin da ya rage a sauƙaƙa mata raɗaɗi, ta samu barci, ta samu yin sallarta, har lokacin da Allah Ya yi."

Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta hau gadon ta ɗora kan Anti Dije a cinyarta, tana shafa goshinta tana cewa, "Dije, ashe ke za ki riga ni."

Da zan fita Anti Dije ta ɗaga mani yatsa ta ce, "Kin faɗa daidai."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Allah na tuba, amma yau zuciyata babu ƙarfi. Ta ba garin nan ƙuruciyarta, ta tafi ba ta ga ko inji ɗaya na gashi da za a dogara da shi ba. Matan da na ga ta rarrasa a kan benci, yawancinsu sun riga ta. Ba mu ma san ko maganin da ta yi wa wahala zai yi aiki ba. Ranar Litinin akwai sababbin mata da za su zo, kuma bayanin gwajin da muryarta aka naɗa shi saboda waɗanda ba su karatu. Ni zan kunna masu. Ban san yadda zan tsaya a ɗakin ba.

Za a yi jana'iza bayan azahar a gidansu.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarka Hadiza. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka yalwata mata kabarinta, Ka karɓi aikinta. Ka ba masu fama da wannan ciwo sauƙi daga wurinka, don mu namu ya gaza.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ko bai san ta ba. Ku sa Hajiya Babba a ciki. Lawal ya ce tun asuba ba ta saki hannun Anti Dije ba.