Abin da Baba Sani Ya Ɗaura Mini a Hannu

Ina cikin yanka yadi a shagona a Shinkafi wayata ta motsa a aljihu. Saƙo ne daga Hajara, ɗiyar Baba Sani mai gyaran rediyo: "Allah ya yi wa Baba rasuwa da hantsin nan. Jana'iza bayan la'asar a Kaura." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye almakashi na nufi tasha.

Ni kurma ne. Sanƙarau ya tafi da jina ina saurayi, ya bar mini bakina. Magana a leɓen mutum nake tsintarta, to amma wanda ke sujada tabarma kaɗai yake gani. Sau nawa na ɗago kai na tarar sahu duk yana ƙasa! Wata Juma'a na ga matasa suna ƙunshe dariya, zuciya ta ɗebe ni, na daina zuwa jam'i. Na yi watanni ina salla a ɗaki, ina jin haushin kowa.

Baba Sani aminin mahaifina ne. Da labari ya kai masa bai yi mini wa'azi ba, aikowa ya yi in zo Kaura Namoda. Ya ciro ɗan injin da ke sa waya jijjiga daga wata matacciyar waya, ya haɗa shi da ƙaramin makirufo da batir a maɗaurin tsohon agogo, ya ɗaura mini. Duk sautin da ya tashi kusa, sai abin ya girgiza a tsintsiyar hannuna. Ya rubuta a yagin kwali: "Kunne ya tafi, fata tana nan. Da ita za ka bi liman."

Kwana uku na komo na dangwarar masa da shi kan tebur. Na ce, "Haba Baba! Injin niƙa, babur, ko jaki ya yi kuka sai abin nan ya hau rawa." Ya yi dariya, ya juyo da fuskarsa sosai don in ga bakinsa, ya ce, "Mu ma masu kunne haka muke sha, ɗana. Zaɓe muka koya."

Shi ya koya mini zaɓen. Duk mako sai ya tsaya bayana a shago yana maimaita kabbara da sami'allahu da sallama, masu kawo gyara suna jira, har fatata ta san tsawon kowace. In na yi kuskure na fusata, cewa yake, "Fushin ma jira yake ka gama, sake." Ranar da na koma sahu na ɗago tare da mutane, sai da na yi hawaye.

A motar zuwa jana'izarsa tsoro ya kama ni. Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada, ba a sake ɗaga hannu bayan kabbarar farko. Babu abin da ido zai bi. Da aka yi sahu na kutsa har bayan liman. Sai kabbara ta zo a fatata, tiryan-tiryan, yadda Baba ya koya mini. Na ƙirga huɗu cif, na yi sallama tare da jama'a.

Allah ya gafarta wa Baba Sani, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Inna da Hajara da ƙannenta haƙuri, ya tsare musu bayansa. Ya Allah, duk jam'in da zan samu daga yau har tawa ta zo, ka sa masa ladan a mizaninsa. Shi ya maida ni sahu.