Iya Mai Shara da Autarta Jimina

Shekara ashirin da shida Iya ta yi tana sharar gidan zu, kuma ba ta taɓa kwashe kashin dabba ba tare da ta tsuguna ta tona shi da tsinke ba. Wannan hali ne ya jawo mata sunan Likitar Kashi a bakin ma'aikata. Ita ko a jikinta. In tsokanar ta ishe ta, sai ta miƙe ta dafa ƙugu ta ce, "Ku ci gaba da kallon fuskar dabba, za ta yi muku ƙarya. Ni abin da ta bari a ƙasa nake dubawa, shi ba ya ɓoye komai."

Kuma wallahi ba cika baki take ba. Ita ta fara gane tsutsar cikin barewa tun likitan dabbobi bai sani ba. Ita ta gano inda makullin sito ya shiga, bayan an kwana uku ana zargin mai gadi, ashe biri ne ya haɗiye.

Iya ba neman aikin nan ta yi ba. Mijinta ne mai kula da tsuntsayen gidan. Shekarar da ya kwanta ciwo, ƙwan jimina guda ya ƙyanƙyashe, 'yar ta fito a raunane, wuya kamar igiyar guga. Ya kawo ta gida a kwali don ya yi jinyarta, sai ga shi shi ne ya riga ta tafiya. Ya bar wa Iya yara huɗu da 'yar tsuntsuwa mai cin tsiya. Da ta yi ƙwari Iya ta mayar da ita gidan zu, amma ja'irar ta ƙi karɓar abinci a hannun kowa. Kwana biyu ana fama, sai manajan wancan lokaci ya aika aka kira Iya, ya miƙa mata tsintsiya ya ce ta riƙa shara a kusa da kejin, ko tsuntsuwar ta riƙa ganinta. To ka ji yadda jimina ta samo wa mutum aiki. Yaran Iya suka sa mata suna Auta. Har yau in babban ɗanta ya bugo waya, kafin ya tambayi lafiyar gwiwar uwarsa sai ya ce, "Iya, ya ƙanwarmu? Tana nan da rashin kunyarta?"

Akwai wani abu guda da Iya ta gada wajen mijin. Shi mutum ne da ba ya tsallake gashin tsuntsu in ya faɗi, sai ya tsinta ya ajiye. Da ya rasu ta tarar da ƙulli guda a aljihun rigarsa ta aiki, ɗaure da baƙin zare. Ta sa shi a ƙasan wata tsohuwar akwatin ƙarfe, ta ci gaba daga inda ya tsaya. Na ɗawisu, na gauraka, na aku, na zabo mai ɗigo-ɗigo, na Auta kanta, har da ƙayar beguwa. Akwatin ta cika har sai an danna ake rufe ta. 'Yarta ta sha cewa, "Iya, don Allah wannan tarkacen na mene ne?" Iya takan ce, "Gadonku ne. Ku yi ta faɗa a kansa in na mutu."

Dogon hutun makaranta shi ne lokacin da gidan zu yake cika. Iyaye su zo da tabarma da kuloli, yara su yi ta ihu daga keji zuwa keji. Bana an yi sabon manaja, matashi mai kuzari, kuma a gaskiya ba mugu ba ne. Ya gyara lilon da ya shekara uku a karye, ya sa aka yi wa bencina fenti, ya shirya wa yara ajin zane a ƙarƙashin rumfa da lokacin ba kunkuru ganye. Iya da kanta ta yaba. Abu guda ne ya ɓata: balan-balan. Katan-katan ya sa aka bugo da hoton zaki a jiki, kowane yaro a ba shi guda kyauta da zarar ya wuce ƙofa.

Yanzu fa, balan-balan da zafin rana ba sa shiri. Kafin azahar sai ka ji fas, fas, ta ko'ina. Iska kuma kullum daga filin wasa take kaɗawa ta nufi wayar kejin jimina. Ita kuwa Auta, duk abin da ya yi launi ko ya yi ƙyalli, sunansa abinci.

Ranar uku da fara shirin, Iya ta tona kashin Auta ta ga ja. Ranar biyar ta ga ja da ruwan ɗorawa da guntun zare. Ta zuba su a bokiti ta rufe, ta je wajen mai kula da tsuntsaye na yanzu, wani bawan Allah mai sanyin hali. Ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, ni wane ne? Ki je ofis."

Ta je ofis. Manaja yana kan waya, ya ɗaga mata hannu ta jira. Da ya gama ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho in yana ba da labarin da.

"Iya, jimina ai har tsakuwa take haɗiya."

"Tsakuwa tana niƙa mata abinci, ɗana. Roba tana toshe ta."

"To, likita zai zo ranar Alhamis ta sama. Ke dai ki ƙara ƙoƙari wajen shara."

Ta ƙara ƙoƙarin. Tun ba a buɗe ƙofa ba take bin waya tana tsintar roba, amma hannu biyu ina zai iya da yara ɗari biyar? Rana ta bakwai ta shiga kejin da shebur, ta zagaya sau biyu, ba ta sami komai ba. Ba ja, ba kore, ba kashin ma ɗungurungum. Auta na durƙushe a gindin bishiya, dogon wuyan nan a shimfiɗe a ƙasa. Iya ta kira ta, ta buɗe ido kawai ta mayar ta rufe. A nan ne tsoro ya kama Iya, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta ga mijinta ya kasa ɗaga kofi.

Washegari Asabar, ranar iyali. An kafa rumfa babba, an jera kujeru, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Manaja yana riƙe da lasifika yana bayanin yadda gidan zu yake koya wa yara son dabbobi, sai aka ji ƙarar baro, ƙiii, ƙiii, yana ratso kujeru. Iya ce. Ta tsaya a gaban tebur, ta ɗauko bokiti, ta cire murfi, ta kife shi a kan farin ƙyallen nan.

Tabɗijam! Na gaba suka toshe hanci, yara suka ruga don su gani.

"Ku matso, 'yan jikokina," in ji Iya, ba ta ko nemi lasifika ba. "Ga darasin yau. Wannan kashin jimina ne. Wa zai faɗa min launin da ya gani a ciki?"

"Ja!" "Kore!" "Ga zare!"

"Madalla. Balan-balan ɗinku ne. Yau kwana biyu ko wannan ɗin ba ta iya yi. Ga ta can kwance, wanda bai yarda ba ya je ya duba."

Manaja ya yi ƙasa da murya, yana huci. "Iya, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani sarai. Na zo ofis da ladabi ka ce in ƙara shara. To ga sharar na kawo maka."

Kafin la'asar takarda ta fito: an dakatar da ita mako biyu. Ta cire rigar aiki ta ninke tsaf ta ajiye wa sakatare a kan tebur, amma tsintsiya ta ce tata ce, ta saɓa ta a kafaɗa ta fita. Abin kirki guda da kifin bokitin ya haifar shi ne an kira likita a ranar. Ya sa tiyo ya ɗura wa Auta mai, ya ce sai dai a jira, kuma in ta ƙara haɗiyar wata robar, to a fara haƙa rami. Manaja ya ji wannan da kunnensa. Amma ya ji kunya a gaban jama'a, kuma mutum in kunya ta kama shi sai taurin kai ya biyo baya. Ya ce ba za a fasa raba balan-balan ba, a dai sa mutum ya riƙa tsinta.

Lahadi da safe mai yankan tikiti ya ɗaga kai ya ga Iya a layi, da mayafinta na fita unguwa, da akwatin ƙarfe a ka.

"Iya, ke da gidanku? Wuce mana."

"Yanka min. Yau ni baƙuwa ce."

Ta karɓi tikitinta, ta yi taku goma, ta zauna a kan benci daidai bayan mai raba balan-balan, ta buɗe akwati. Rana ta haska gashin ɗawisu. Yaron farko da ya wuce ya tsaya cak.

"Zo nan, maigidana. Ba ni wannan robar in ba ka na gaske. Wannan ba ya fashewa."

Kan ka ce me, layi ya kafu a gabanta. Kowane yaro ya miƙa balan-balan ya zaɓi gashi, ita kuma ta faɗa masa na wane tsuntsu ne da kejin da zai same shi. Sai ta kwance bakin robar ta sace iskar, ta cusa a buhu. Manaja ya fito a fusace. Iya ta ɗaga masa tikiti, ta nuna masa allon da shi da kansa ya sa aka kafa, mai cewa a girmama baƙi.

"Ba sayarwa nake ba, ba roƙo nake ba. Kyauta nake yi. Nuna min inda aka hana, in tashi."

Ya duba iyayen da ke kallonsa, ya juya ya koma.

Kwana huɗu tana wannan. Kullum tana shiga sai ta fara zuwa bakin waya, mai kula da tsuntsaye ya ɗaga mata shebur wayam ya girgiza kai. Akwati kuwa sai ƙasa take yi. Ɗawisu ya ƙare, gauraka ta ƙare, ƙayar beguwa ma yara maza sun wawashe. 'Yarta ta zo ta same ta a bencin, ta leƙa akwati, idonta ya ciko.

"Iya, ni da nake cewa tarkace, wasa nake. Kayan Baba ne fa."

"Ubanku bai kwana yana ba gashi abinci ba," in ji Iya. "Mai gashin ya yi wa jinya. Matsa, kin tare wa yaro hanya."

Rana ta biyar babu abin da ya rage sai ƙullin nan mai baƙin zare. Iya ta daɗe tana juya shi a hannu. Shekara ashirin da shida ba ta kwance shi ba, ɗaurin ma na hannunsa ne. Wata 'yar yarinya tana tsaye a gabanta da jan balan-balan, tana jira, ba ta san komai ba. Iya ta sa haƙori ta tsinke zaren. Ya yi mata ciwo, ba ƙarya, har sai da ta kau da kai. Amma ta miƙa wa yarinyar gashin, ta karɓi robar, ta ce na gaba ya matso. Kafin azahar akwati ta zama wayam, ga layi bai ƙare ba, ga mai raba balan-balan yana ta hurawa.

Tana zaune tana kallon ƙasan akwatin, sai ta ji ana kwaɗa mata kira. Mai kula da tsuntsaye ne, wannan mai sanyin halin, yana ratsa jama'a a guje da shebur a sama yana cewa a ba shi hanya. Ya dire shi a gabanta. Cike yake taf.

Iya ta zube a kan gwiwar da ke mata ciwo, ta tsinci tsinke. Ja, kore, shuɗi, zare a nannaɗe, murfin kwalba guda, da tsakuwa. Ta tona har ƙasa. Sannan ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, a gaban yara da iyayensu, a kan kashin jimina, ba ta ji kunyar kowa ba.

Da ta ɗago, takalman manaja ta fara gani. Ya daɗe yana kallon abin da ke cikin shebur ɗin.

"Iya," ya ce, "ki dawo aiki gobe."

"Mako biyu ka rubuta, ɗana, saura kwana tara. Ina nan a bencin nan. Gashi ya ƙare, amma bakina bai ƙare ba. Duk yaron da ya wuce da robar nan sai na faɗa wa uwarsa abin da na gani."

Ya juya wajen mai raba balan-balan ya ce ya tattara katan ɗin ya kai sito. Iya ba ta motsa ba sai da ta ga an ɗauke na ƙarshe.

Sannan ta ɗauki akwatinta, yanzu da hannu ɗaya ma tana ɗaukuwa, ta nufi keji. Auta na tsaye, ta rame, ƙafafu na rawa, amma a tsaye take. Ta zuro kai ta saman waya ta fara jan mayafin Iya.

"Sakar min, marar kunya," in ji Iya. "Kin cinye min gadon yara."

Auta ta girgiza jiki, gashi guda mai ruwan toka ya faɗo ta wajen waya. Iya ta sunkuya ta tsinta, ta hure ƙurar, ta sa shi a cikin akwatin ta rufe.