Inda Muryar Inna Ta Tafi

Baffana, ƙanin mahaifina, malamin allo ne a Ɗandamisa. Bayan rasuwar matarsa, wadda muke kira Inna, abin da ya fi riƙewa nata saƙon murya ne guda a waya: "Malam, in ka shiga Makarfi ka taho da daddawa, kada ka manta irin na rannan." Kullum bayan la'asar sai ya kunna shi.

Da damina wayar ta fara ɗaukewa. Ya kai wa mai gyara, aka yi mata filashin, ta dawo garau, babu komai a cikinta.

Akwai wani zaure a intanet da 'yan yankinmu ke tambayar matsalar waya da kwamfuta, ni ma ina ciki. Baffa bai shawarci kowa ba ya aika tambayarsa da murya, bayan doguwar sallama har da tambayar iyalin kowa.

"In muka wanke allo," in ji shi, "mun san rubutun yana cikin ruwan, har mu ba mara lafiya ya sha. To muryar da aka goge a waya, ina take zuwa? A ina ake tararta?"

Ai kuwa abin nema ya samu. Wani ya ce ya kifa wayar a kan ƙwarya ya girgiza. Wani ya ce, "Malam, ta bi iska ta maƙale a ƙarfen sabis na bakin Makarfi, ka yi sammako kafin wani ya riga ka." Aka yi ta jero hotunan dariya. Ba su san muryar wa ake nema ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira shi na ce ya rabu da su, abin da aka goge ya tafi. Ya ce to.

Ranar kasuwa na hango shi zaune a gindin ƙarfen, jikin shinge, wayar a tafin hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, ai zolaya suke yi."

"Na sani, ɗan nan. Ni ma na yi ƙuruciya." Ya share fuskar wayar da hannun riga. "Amma kai ka ce ta tafi. Su ko ba komai sun faɗa mini wuri."

Na zauna kusa da shi. A gefensa akwai ƙullin daddawa a leda. Wannan karon bai manta ba.