Matar Kunkuru

A gidanmu na Kwoi, lokacin cirar citta ne muka fi samun tatsuniya. Bayan an ci tuwon acca sai a zube citta a tsakar gida, kowa da wuƙarsa yana tsagawa, Kaka na gefen murhu. Mijinta, Baba Tsoho, yakan zauna can baya. Mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba.

Akwai wata tatsuniya da Kaka ba ta yi sai ranar da suka saɓa. "Ku matso, ga ta nan ta iso," za ta ce da ƙarfi, don na baya ya ji. Wai Kanari ce ta ga Kunkuru a bakin rafi, shirunsa ya burge ta, ta aure shi. Da safe ta rera masa waƙa, ya ja kai cikin ƙoƙonsa. Ta zaci fushi yake yi, ta ƙwanƙwasa da baki. Ƙarar ta tsorata shi, ya ƙara shigewa. Ta ƙara sara, ya ƙara shigewa.

"Sai me ya faru, Kaka?" na tambaya.

"Sai me? Suna can har yau. Rifkatu, tsaga cittarki."

Ba ta taɓa rufe wannan da ƙurunƙus ba. Sau ɗaya Baba Tsoho ya tanka, kansa a sunkuye: "Daga ciki ma ana jin waƙa."

"A buga ƙararrawar coci," in ji Kaka, "yau kunkuru ya yi tari!"

Muka yi ta dariya. Da na girma sai na bi littattafan soyayya na kasuwar Kafanchan, inda mai shiru shi ne mai zurfin so, kuma a shafin ƙarshe yakan durƙusa ya zazzage zuciyarsa. Haka na auri Ishaya, malamin makaranta, ina jiran shafin ƙarshe.

Ba ya duka, ba ya sha. Amma in na ce, "Baban Joy, mu yi magana," sai ya shige ɗaki ya kunna rediyo. Ni kuma in bi shi da murya. Matar fasto ta zaunar da mu ta ce halittarmu ce ta bambanta, babu mai laifi. Wannan ya fi yi mini zafi. Da akwai mai laifi, ai da ya tuba.

Yayata ta ce ɗakinta na nan in na gaji, har na haɗa jaka. Jiya na tsaya a bakin ƙofarsa, ban ƙwanƙwasa ba, na rera waƙar ranar aurenmu a hankali. Na ji ya rage rediyo. Na kai ƙarshen waƙar, na jira. Ƙofar ba ta buɗe ba, jakar ma ban kwance ta ba.